Man da Ya Rage a Tanki

Shekarun baya, a wata wahalar mai da aka yi wadda mutum zai wuni a layi ya koma gida da tankinsa yadda ya fito da shi, mahaifiyata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. A wurina take zaune a Narayi. Wata huɗu muna zirga-zirgar asibiti, har ranar da likita ya ja ni gefe ya ce, “Malam, mun yi iya ƙoƙarinmu. In akwai inda take son zuwa, ku kai ta.” Ita kuwa ta riga likita faɗa. Kullum na shiga gaishe ta da safe sai ta ce, “Babana, ka mai da ni gida.” Babana take ce mini saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Gida kuma ƙauyenmu ne, can gaba da Kachia sosai.

Matsalar ita ce mota. Ina da wata 'yar tsohuwa da nake zuwa makaranta da ita, wadda duk ramin da ta faɗa sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Mahaifiyata kuwa ta kai ko juya ta aka yi a kan gado sai ta cije leɓe.

Ina da wani abokina a Makera, Alhaji ne mai sayar da kayan gyaran mota, tare muka yi sakandare. Ya zo duba jikin Mama da ledar lemo, ya ji abin da ake ciki. Da na raka shi waje ya dubi motata ya girgiza kai.

“Malam, wannan ba za ta kai Mama ba. Gobe da sassafe ka zo ka ɗauki babbar.”

Na san babbar. Baƙa ce doguwa, mai silinda takwas, kujerunta na fata, in ta wuce ka ko ƙarar injin ba ka ji. Na kuma san yadda shi kansa yake kuka da ita.

Na ce, “Alhaji, wannan da kake cewa tana shan mai kamar an huda tankin? A wannan halin da ake ciki?”

Ya ce, “A cikin gari take sha. Tsaya, tafi, tsaya, tafi, shi ke kashe ta. In ta hau babbar hanya wata mota ce daban. Ka ɗora ƙafarka a totur ka bar ta wuri ɗaya, kada ka wuce gudun casa'in, kada ka riƙa figa kana taka birki. Tankin ya kusa cika. Zai kai ka ya dawo da kai, na sha zuwa Kafanchan da ita.”

Na yi godiya, amma ban yarda ba. Ni malamin lissafi ne, kuma a lokacin ina ganin duk abin da ban auna da kaina ba labari ne kawai. A gaban sitiyarin motar akwai ɗan allo da ke nuna kilomita nawa man da ke ciki zai iya kai ka. Da na tayar da ita washegari, abin da allon ya nuna bai kai tafiyarmu zuwa da dawowa ba. Tun daga ƙofar gidan Alhaji na sa wa raina cewa man nan ba zai isa ba, kuma a hanya babu gidan man da ke sayarwa.

Muka kwantar da Mama a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwata. Muka fita ta Mahuta muka kama hanyar Kachia. Damina ce, ko'ina kore. Ba mu yi nisa ba Mama ta ce, “Wannan mota ce ko gado?” Ƙanwata ta yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji a gidanmu ba. Kafin mu kai Kujama barci ya ɗauke Mama, barci na gaske, babu nishi.

Ni kuwa idona na kan allo fiye da kan hanya. Na riƙe casa'in kamar yadda aka ce mini. Abin mamaki, muna ta tafiya amma lambar ba ta raguwa, can ma sai na ga ta ƙaru. Mai hankali zai gane cewa motar ta daina lissafi da cunkoson gari, ta koma lissafi da tafiyar da muke yi. Ni sai na ce allon ya lalace. Na dubi allurar mai, na ga da ƙyar ta motsa, na ce ita ma ta maƙale.

Mun wuce Kachia da ɗan nisa Mama ta farka. Ta sa ƙanwata ta ɗaga mata kai, tana kallon gonakin citta, tana faɗin sunayen ƙauyukan da muke wucewa. Sai ta ce, “Babana, in mun kai mararrabar nan ta gaba, ka shiga hagu in ga Gwaggonku.”

Gwaggo ba danginmu ba ce. Aminiyar Mama ce tun suna 'yan mata, tare aka yi musu baftisma, ita ta yi wa Mama wankan jego lokacin da aka haife ni. Shekara shida ke nan da Gwaggo ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta fita ko ƙofar gida, kunnenta ma ya yi nauyi, ba ta jin waya. Tun da ta kwanta ba su sake haɗuwa ba. Ƙauyen da take bai fi kilomita goma sha biyar daga kwalta ba, hanyar jar ƙasa.

Na yi lissafi a kaina: talatin zuwa da dawowa, a laka, a ƙaramar giya.

Na ce, “Mama, man ba zai kai ba.”

Ta ce, “To, shi ke nan.”

Ƙanwata ta ce, “Yaya, ai ba za mu daɗe ba.”

Na ce, “Ba daɗewa ba ce matsalar, mai ne. In ya ƙare mana a dajin nan da mara lafiya, wa zai tura wannan motar? Motar mutane ce kuma.”

Da muka zo mararrabar na ga mata masu sayar da gasasshiyar masara a bakinta, na ga hanyar ta miƙe cikin gonaki. Ban ko ɗaga ƙafata ba. Ta madubi na hangi Mama ta juya kai tana kallon wurin har ya ɓace, sannan ta mai da kanta cinyar ƙanwata ta rufe ido.

Mun isa gida rana na tsaka. Dangi suka fito, aka ɗauke ta aka shiga da ita ɗakinta. Da na koma kulle motar na sake duba allurar. Tana kan rabi, har da ɗan ɗori. Na kashe injin na sake tayarwa, wai ko za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Na daɗe zaune a cikin motar nan ni kaɗai.

Da safe na shiga wurinta na ce, “Mama, ashe man ya isa. Ki shirya in kai ki wurin Gwaggo yanzu.”

Tafiyar jiya ta riga ta karya ta. Ko zama ba ta iya yi. Ta riƙe hannuna ta ce, “Na riga na iso, Babana. Ba na sake shiga mota. Kai ka biya ka gaishe ta, ka ce ina nan.”

A hanyar komawa Kaduna na shiga hagun da na ƙi shiga, ni kaɗai. Motar ta bi hanyar jar ƙasar nan lafiya lau, minti ashirin da 'yan kai ina ƙofar gidan. Na tarar da Gwaggo a kan tabarma a baranda, an jingina ta da bango, surukarta na tsince mata wake a gefe. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni. Abin da ta fara tambaya shi ne, “Ina take?”

Na durƙusa kusa da kunnenta na faɗa mata gaskiya, da ƙarfi, don sai an ɗaga murya take ji. Na ce jiya muka wuce ta bakin hanya, Mama ta roƙe ni in shigo, ni na ƙi saboda tsoron mai. Duk mutanen gidan sun ji.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Jikin ya yi tsanani ke nan.” Na ce e.

Na kira ƙanwata na ce ta kara wa Mama wayar. Muryar Mama ba ta fita sosai, Gwaggo kuma ba ta ji, sai na zama ni ne a tsakani: in saurari Mama in faɗa a kunnen Gwaggo, Gwaggo ta amsa in miƙa wayar bakinta. Na zaci za su yi wata babbar magana. Sannu suka yi ta yi wa juna. Mama ta tambaya ko itacen mangwaron bayan gidan yana nan. Gwaggo ta ce a gaya mata ta daure ta riƙa shan kunu ko ba ta so. A ƙarshe Mama ta ce, “Ka ce mata sai mun haɗu.” Na faɗa. Gwaggo ta ce, “Ka ce mata na ji.”

Da zan tafi ta ce, “Motar da ka ɗauko ta a ciki, ita ce a waje?” Na ce ita ce. Ta ce a kai ta. Ni da ɗanta muka ɗauke ta muka zaunar da ita a kujerar baya. Ta tambaya wane gefe kan Mama yake, na nuna mata. Ta ɗora hannunta mai lafiya a wurin, ta yi addu'a ƙasa-ƙasa da harshenmu. Sannan ta ce a mai da ita ciki.

Na shigo Kaduna da la'asar, na wuce Makera kai tsaye. Alhaji ya tambayi jikin Mama, sannan ya leƙa ta taga ya dubi allurar. Ya ce, “Ka gani ko, Malam? Har da saura.”

Na ce, “Har da saura, Alhaji.” Sai kuka ya ƙwace mini, a bakin shagonsa, a gaban mutane. Ya jawo benci ya zaunar da ni, ya zauna kusa da ni har na yi shiru.

Bayan kwana tara Mama ta rasu, a ɗakinta, kamar yadda ta so. Gwaggo ta bi ta daminar da ta zagayo.

Ba zan ce tsorona ba shi da dalili ba. Wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin da za ka so mota ta tsaya maka ba ne. Amma mai motar ya faɗa mini gaskiya, motar da kanta ta nuna mini gaskiya, ni ne na fi yarda da tsorona, har na ba shi sunan lissafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saurin da Mama ta yi ta ce shi ke nan. Ba ta ja ba, ba ta sake roƙo ba, don ba ta son ɗora mini nauyi, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin ta haƙura.

Na daɗe da yafe wa kaina, tun da ita ba ta riƙe ni ba ko na kwana ɗaya. Sai dai yanzu in tsoho ya nemi wani abu a wurina sau ɗaya ya yi shiru, ba na jiran ya sake nema.