Ammu Shazli, Wanda Ya Ƙi Sakin Ƙafa

Kullum bayan sallar asuba, kafin ya kurɓi shayi, Ammu Shazli sai ya bi tukwanen iskar da ke cikin jirgi, waɗanda masu nutso ke shaƙa a ƙarƙashin ruwa, ya zuƙi kowace da bakinsa don ya gwada ta. Aikinsa jagorantar masu nutso a duwatsun murjanin tsibirin Zabargad, a Bahar Maliya. Bana kunnensa ya gaza, ya ajiye aikin.

Waɗanda suka yi nutso tare da shi ranar da ya shiga ruwa da Midhat, wani injiniya daga Alƙahira, har yau in suna ba da labarin muryarsu ƙasa take yi. Sun daɗe a zurfi, suna tasowa a hankali a jikin igiya. Dole ne hakan, don wanda ya taso da gaggawa iska kan yi kumfa a jininsa, ya shanye ko ya mutu. Sai ga kifin shak, irin mai cin mutum, mai fari a bakin fiffike, ya fito daga shuɗin ruwa, ya hau kewaya su. Kowane zagaye sai ya ƙara matsowa.

Midhat ya saki igiya ya yi sama. Ammu Shazli ya cafke ƙafarsa, ya janyo shi ƙasa. Midhat ya shure shi a fuska har jini ya taru cikin tabaransa na nutso. Shi kuwa tsohon, in ji su, sai ya ƙara damƙe ƙafar. Ya juya ya sa jikinsa tsakanin mutumin da kifin, bai saki ba sai da lokacin tasowa ya yi.

Suna hawa jirgi Midhat ya shaƙe shi.

"Kai tsoho, so kake ka kashe ni?"

"Haba ranka ya daɗe, da so nake ai da na sake ka. Zauna ka sha shayi."

Na daɗe ina juya wannan a raina. Wa ya ba mutum ikon riƙe ɗan'uwansa kusa da abin da yake tsoro, don wani haɗarin da ba ya gani? Da kifin ya kai cizo fa? Ammu Shazli, kai ne ka ɗauki wannan nauyin, kana sane da cewa in ta ɓaci sunanka mai kisa.

Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi riƙo irin nasa, ko za a zage ku.

Midhat bai taɓa yin godiya ba. Amma da ƙafafunsa ya sauka daga jirgin.