Baba Kumai da Bangayen Layin Lebura

Kafin a kaɗa ƙararrawar addu'ar safe, Baba Kumai ya riga ya fita zagaye. Ba ya gaida mutane sai ya gama gaida bangayensu. Yakan bi Layin Lebura gida-gida, ya ɗora tafin hannunsa a kan jar ƙasa kamar nas mai duba zazzaɓi. Inda ya ji sanyi ya wuce kima, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Maman yara, bangonki yana zufa. A janye gado."

Magini ne, na ƙasa ba na siminti ba, sana'ar da aka daɗe da yi wa jana'iza tun masu ita suna raye. Unguwar kuwa tana bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Leburorin da suka gina ta ba su da ƙarfin yin bango biyu, saboda haka kowane bango gida biyu yake riƙewa: naka ta nan, na maƙwabcinka ta can.

Wani kamfani daga Abuja ya hango wurin, ya ga a ransa estet, rukunin gidajen masu kuɗi, mai get da suna irin wanda ɗan acaba ba zai iya faɗa ba. Bai kawo katafila ba, domin katafila tana jawo 'yan jarida. Gida ɗaya yake saya a tsakiyar layi, ya jira damina ta kawo kai, ya kwashe kwanon rufin, wai za a yi gyara. Sauran aikin na ruwan sama ne, wanda ba ya karɓar albashi, ba a kuma taɓa kai shi kotu ba. Bango ya sha ruwa ta sama, ya kwanta a ɗakin maƙwabci. Washegari sai ga Zamani dillali, ɗan unguwar ne kuma, da jaje a baki da takarda a hammata.

Haka aka yi wa Yafet mai faci. Bango ya faɗa wa tsohuwarsa a ƙugu, ba ta kai haƙar citta ba. Bayan biso ya sa hannu a takardar sayar da gidan, ya kwashe iyalinsa zuwa bayan gari. Mutane suka ce nufin Allah ne. Baba Kumai ya tsaya a kan ɓaraguzan ya ce, "Allah ya aiko ruwa, gaskiya ne. Amma ba Shi ya cire kusa ba."

Da aka kwashe rufin gidan da ke jikin na Mama Afiniki, gwauruwa mai sayar da ƙosai, bai rubuta wa kowa koke ba. Gayya ya kira, irin wadda ake yi a gona. Zumuntar matan coci suka kawo ruwa da ƙasa a ka, suna waƙar sujada. Malam Hammadu, Bafulatanin da ke ƙarshen layi, ya turo kashin shanu da ciyawa don a kwaɓa yaɓe. An sha kafa kwamitocin zaman lafiya a garin nan, ana shan lemo a otal. Bango mai jiƙewa ya haɗa waɗannan mutane ba tare da an yanka wa kowa alawus ba.

Baba Kumai yana saman bangon yana ɗora masa hular tsohon kwano, sai ga Zamani da gudu.

"Baba, ka sauko! Wannan gidan kamfani ne!"

"Rabin bangon na Afiniki ne, ɗana. A rabinta nake zaune."

"Ƙafarka ɗaya tana wajenmu!"

"To ka sare ta, ka kai wa oganka ya yi farfesu."

Mama Afiniki ta leƙo daga ƙasa. "Zamani, ba kai ne ka yi min fitsari a zane ranar baftismar yayarka ba? Yanzu ka yi girma, bango kake jiƙa min."

'Yan sanda suka zo suka tafi da tsohon, wai ya shiga haƙƙin wani. Matan suka bi shi da laka a ƙafafunsu, suka zauna a ƙofar inda aka tsare shi, suka ɗauko waƙa mai baiti da yawa. Kafin la'asar aka sake shi, ba don an ga gaskiyarsa ba, sai don kunne ya gaji. Daga nan ya zama doka a Layin Lebura: duk inda aka cire rufi, gayya za ta kwana uku a wurin. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, bango bai ƙara faɗa wa kowa ba.

Kai ne magini da ba ka da gini ko ɗaya mai sunanka a jiki, Baba. Kai ne ka gane cewa wanda ya bar bangon maƙwabcinsa ya jiƙe, ɗakinsa ya sa a kasuwa. Garkuwar Layin Lebura, mai hana ruwa aikin ƙwadago. Ba ka kori kamfani ba, ba ka da wannan ƙarfin. Ka dai sa ya jira, kuma masu kuɗi ba su ƙi jinin komai kamar jira ba.

A ƙarshen daminar bara tsani ya zame da shi. Ƙashin ƙugunsa ya karye, likita ya ce shi da hawa bango sun yi sallama. Kamfani ya aiko masa da gaisuwa da katan ɗin madara, a makon kuma ya kwashe hular kwanon da ke kan bangon Mama Afiniki, wai ta ɓata masa tsari. Samarin da suka iya kwaɓa ƙasa sun tafi Abuja suna ɗora bulo a estet ɗin wasu. Mama Afiniki ta gaya wa Zamani ya dawo bayan ruwan farko: in ta ga mutum a kan bangonta, ya tafi da takardarsa, in ba ta gani ba, ya zo da biro, don ba ta shirya mutuwa irin ta uwar Yafet ba.

Mun gode, Baba Kumai. Ubangiji Ya saka maka, tunda mu ba mu iya ba. Sauranmu kuwa, masu ƙafa biyu lafiyayyu da dogon sharhi a waya, gayya tana nan ranar Asabar, kowa ya zo da kwanon ɗiban ƙasa. Hadari ya fara haɗuwa ta kan duwatsun Kagoro.

Jiya masu dubiya suka cika ƙofar ɗakinsa, kowa da "sannu, Baba". Ya dube su ɗaya bayan ɗaya daga kan tabarma, ya ce, "Na ji sannu. Wa zai hau?"