Jiƙaƙƙen Buhu a Gaban Ordinatar

A shagona da ke unguwar Zariya nake haɗa bidiyon biki da na suna, ga shi ordinatar ɗina, wato kwamfuta, ta tsufa. Aikin awa ɗaya sai ta kai ni la'asar. Wata bazara abin ya ishe ni, na shiga saitinta na ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda aka ƙera ta. Ta yi gudun kuwa, amma da aiki ya yi nisa sai ta ɗau zafi ta mutu.

Na cire murfin gefe, na shafa wa ƙwaƙwalwar sabon man sanyaya, na juya mata fankata ni ina ta zufa. Duk a banza. Sai kawuna mai kawo ganyen salati daga Jiratawa ya leƙo, ya ce, "Ɗana, jiƙa buhu ka rataya gaban fankar. Haka muke kai ganye kasuwa bai yi yaushi ba."

Abin haushin, dabarar ta yi. Sai dai buhun yakan bushe kafin in shanye kofin shayi, kuma ba halin in rage gudun, don masu biki sun saba karɓar aikinsu a ranar.

Ranar sunan ɗan ƙanena a garin Tsibiri ina shago da buta a hannu, ina shayar da buhu. Da yamma aka kawo mini bidiyon sunan in haɗa. A nan na fara ganin fuskar jaririn.