Jar Hular Kawu Nomau da Injin Niƙa

Duk wanda ya san Kawu Nomau a Cadawa ya san shi da gaida inji. Kullum da safe sai ya tsaya gaban injin niƙan Alhaji Mati, inda yake aiki, ya gyara tsohuwar jar hularsa, ya ce, "Ina kwana, abokin aiki?" Ku kuwa kuna ƙyaƙyata dariya, kuna ce masa taɓaɓɓe. Wallahi har yau abin na ci mini rai!

Hular nan kuwa bai taɓa cire ta ba, ko a gaban kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Ranar da jandarma ya daka masa tsawa ya cire, sai ya yi masa ladabin Faransanci ya ce, "Mushe, in na tuɓe ta, ina ƙwarƙwatata za ta kwana?"

Shekarar da aka sami 'yancin kai, ana ta gardamar wa zai riƙe me, Kawu ya ce, "Ni da injin ga mun daɗe da raba mulki. Zuba hatsi nawa, gudu nashi." Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin injin da ke rage masa mai da kansa in gudu ya yi yawa. Kawu bai taɓa sa masa hannu ba. In mace ta ce, "Haba Nomau, ƙara mishi wuta, miyata na bisa murhu!" sai ya ce, "Ga shi nan, roƙe shi da kanki."

Wata ranar kasuwa mata suka cika rumfar injin. Alhaji ya ce a ɗaure ƙarfen da waya, injin ya yi sauri.

"Alhaji, ba hurumina ba ne. Ba naka ba ne kuma."

"Injina ko naka?"

"Naka. Amma shi ya san cikinshi."

Nan take Alhaji ya kore shi, ya ɗaure wayar da hannunsa. Kawu ya koma gindin iccen bedi ya zauna.

Ina cikin rumfar da kwanon dawata, goye da ɗiyata, sai injin ya haukace. Ƙara, baƙin hayaƙi, kwano na rawa! Aka nemi kashe shi, ya ƙi mutuwa. Alhaji ne ya fara fita a guje, ko takalmi babu. Mu kuwa mun cushe a bakin ƙofa. Sai ga taɓaɓɓen naku ya kutso, ya cire hular, ya cusa ta inda injin ke shaƙar iska. Injin ya yi tari, ya yi shiru.

Ran nan na fara ganin sanƙon Kawu. Ya dafa injin ya ce, "Yi haƙuri, ba ni na ɗaure ka ba."

Kun san Alhaji bai maida shi aiki ba? Ko hula bai saya masa ba! Kawu kuma ya ƙi sa wata har ya koma ga Allah, wai wadda ya bai wa abokin aiki ba ta da madadi.

Ɗiyar da na goya ran nan yau jikoki gare ta. Allah Ya jiƙan Kawu Nomau, Ya yi masa inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Amin.