Gashin da Na Ɗinka a Rigar Matashi

Lokacin da maigidana yake aikin likita a Camberwell, can ƙasar Turawa, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ni zaman flat nake yi, ina rage kaɗaici da ɗinkin fulawa a rigunan matashi. A ƙasan benenmu akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai buga katin biki.

Ranar da na je ya buga mana katin sunan ɗana, ya jawo wani akwati cike da tsofaffin haruffan katako da ya saya a gwanjo. Kowane harafi ya nannaɗe kamar yaɗo, wasu kamar jiƙaƙƙen gashin mace. Na tambayi asalinsu. Ya ce masassaƙan sun kwaso salon ne daga wasu masu zane na ƙarnin da ya shuɗe, mutanen da suka bar abin da ido ke gani suka koma zana abin da mafarki ke nunawa. Ya kwatanta mini gidan da ake ajiye irin zanen.

Na bar yara wurin maƙwabciya na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa gidan. A wani ɗaki da ba kowa na tarar da wani zane: kan mace a saman ruwa, ido a rufe, gashinta ya bazu ya rikiɗe ya zama furanni. Ba barci take ba, kuma ba gawa ba ce. Na daɗe a tsaye, na kasa tafiya saboda kyansa.

Da na dawo na ɗinka gashin da furannin da koren zare a rigar wani matashi. Fuska kam ban sa ba, don ba na yin siffar mai rai.

'Yata, tana da shekara biyar lokacin, ta shiga kife matashin duk sanda ta wuce. Da na matsa mata, sai ta amsa da Turanci, ba tare da ta ɗago daga wasanta ba, wai matar ta gaji da riƙe numfashi. Ban taɓa gaya wa kowa abin da na gani ba.

Na cire rigar na kai wa dattijon. Ya jujjuya ta.

"Hajiya, ka bar shi nan," ya ce da Hausarsa ta zango.

Na bar ta. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Amma ɗakin zanen nan, na ci gaba da zuwa, ni kaɗai, har muka tattara muka koma Kano.