Kwas ɗin Kaduna da Wasan Taubashina

Duk matan gidanmu sun ce littafin nan na ban dariya ne, kuma wai labarin so ne. Sun yi kuskure. Labarin wani mutum ne da bai taɓa cewa "yi haƙuri" ba tun daga shafin farko har na ƙarshe, da wata yarinya da ta gaji ta aure shi.

Littafin Turanci ne, bangonsa duk ya yage, wata ƙawata ta sakandare ce ta ba ni aro. Da yake ni kaɗai ke jin Turanci a cikin matan gidanmu na Angwan Iya, bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma suna ɓarar gyaɗa, ina karantawa ina juya musu da Hausa. Yarinya ce da saurayi suke aiki a kanti ɗaya, ba sa jituwa ko kaɗan. Ya zuba mata gishiri a shayi, ta ɓoye masa takalmi. Da aka tashi tura ta wani birni aiki, sai ya je ya ɓata tafiyar, wai ba zai iya rabuwa da ita ba. A wurin nan matar yayana ta yi dariya har ta kifar da tiren gyaɗa.

Lokacin ne kuɗin mai suka shigo, kowane akawu ya sayi babur da rediyo. Ni ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati, ɗan gwaggona kuma babban akawu ne a wurin. Taubashina ne, wato al'ada ta ba shi damar ya tsokane ni yadda ya ga dama, ni kuma ban da ikon ɓata rai. "Baiwata ta iso," haka yake tarbata kowace safiya. Na taɓa jan aljihun teburina na tarar da mataccen ƙadangare. In na kawo ƙara gida, sai matar yayana ta kashe mini ido.

"Ke dai ki yi shiru, littafinki ne ya fito da ƙafafunsa. Ba haka wancan ya fara ba?"

Sai aka ce za a tura mai buga tafireta ɗaya Kaduna, kwas ɗin sakatare. Mu biyu ne masu buga tafireta a ofis, kuma kowa ya san wadda hannunta ya fi sauri. Na ƙwallafa rai a kan kwas ɗin nan. Wadda ta dawo daga can ba ta ƙara zama a bakin ƙofa ana aikenta sayen ƙosai. Shugaban ofis dattijo ne mai kiyaye haƙƙin gida, don haka ya kira ɗan gwaggona a gabana, tunda shi ne namijin danginmu a wurin, ya tambaye shi ko gida za su yarda in tafi.

"Ranka ya daɗe, wannan? Kada a yi asarar kujera. Ko sati ba za ta yi ba za ta gudo, kewata ba za ta bar ta ta yi barci ba. Ai na riga na kai goron neman aurenta, ƙwaya biyu da ɓari."

Ofis ya ɗauki dariya. Shugaba ya yi murmushi kawai, amma rabin maganar ya shiga kunnensa. Yarinyar da ake zancen aurenta ba a tura ta kwas. Aka sa sunan ɗayar.

Na koma gida ina huci. Gwaggo ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Haba 'yar nan, ina kika taɓa jin an yi fushi da taubashi? Nawa ya taɓa kora akuyata kasuwa, dariya na yi."

"Ba ya son ki yi nisa ne," in ji matar yayana. "Sak na littafin."

Na fita na same shi a ƙofar gida yana goge babur.

"Kai, sona kake yi?"

Ya ɗago, ya dube ni, ya fashe da dariya. "Ke? Allah ya kiyaye! Ni da nake neman wata a Jigwada. Wasa ne fa, baiwata."

"To ka je ka gaya wa shugaba wasa ne."

"In ce masa na yi masa ƙarya a gaban jama'a? Kin haukace?"

Na sake karanta babin ɓata tafiyar ni kaɗai. Marubucin ya iya dabara, wannan ba zan hana shi ba. Duk muguntar da saurayin ya yi sai ya haɗa ta da faɗuwa a kwata ko yagewar wando, mai karatu na dariya har ya manta an cuci wata. Bai taɓa nuna mana yarinyar ranar da motar ta tashi ba ita ba. Ni na san yadda ranar take, don na ga abokiyar aikina a tasha da sabon akwatinta. Kuma ko da sona ɗan gwaggona yake yi, kwas ɗin dai ya tafi.

Matan suka shimfiɗa tabarma suna jiran sauran labari. Na ce musu sun yi aure, shi ke nan, kuma na mayar wa mai littafi kayanta. Daga nan na yanke shawarar ranar Litinin zan shiga ofishin shugaba da ƙafata, ba wanda zai yi mini iso, in gaya masa babu zancen aurena da kowa. Ko ya sa sunana a tafiya ta gaba, ko ya ba ni takardar shaidar aiki in nufi Jos da ita. Taubashina kuma, duk ranar da ya ƙara cewa baiwata, da bango yake magana.