Kududdufin da Na Zana Asibiti a Kansa

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka shiga mota, mu huɗu da direba. Ni ne mai zanen gini. Akwai injiniyan ruwa, akwai mai tsara unguwanni da tituna, sai abokiyar aikinmu, wadda aikinta shi ne ta zauna da mutane ta ji ta bakinsu kafin a taɓa musu ƙasa. Haka kamfaninmu yake, kowa da fanninsa, a haɗu a kan takarda ɗaya, a kuma yi ta musu a kanta.

Takardar wannan karon tana naɗe a kan cinyata. Taswirar sabon tsarin wani ƙauye ce da ke bayan Auyo, wanda ambaliya ta ci kusan rabinsa. A tsakiyarta akwai ƙaramin asibiti mai ɗakin haihuwa. Ni na zana shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da shi. Bulon ƙasa, rufi mai tsawo don iska, tagogi suna kallon arewa, wutar sola a sama. Aikin da ya kai mu bai taka kara ya karya ba: so muke Bulaman garin ya gani ya sa hannu, ranar Litinin mu miƙa wa masu ba da aikin, da ruwa ya ɗauke a fara gini.

Hanyar Ringim ba laifi, sai dai damina ta ɗan ciccije gefenta. A Gujungu muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan Gujungu har yanzu yana da mutunci, guda ɗaya ya kusa biyun na unguwarmu, kuɗin kuma ɗaya. Mai tsara tituna, wanda ya ce a mota shi ba ya cin abu mai maiƙo da safe, shi ya sa aka ƙaro. Daga wajen Kaugama ƙasa ta fara kwanciya. Gero da dawa suka ja baya, shinkafa ta karɓi ido, kore shar har iyakar gani, nan da can kuma ga ciyawar kacalla ta tsaya cirko-cirko a hanyoyin ruwa ta toshe su. Injiniyanmu bai iya ganinta ya yi shiru, duk inda ta ɓullo sai ya yi tsaki.

Mun shiga Haɗeja da hantsi. Garin nan ƙamshin bandar kifi ne yake fara yi maka sannu da zuwa. Muka ajiye kaya a masauki, direba ya tsaya cinikin tarwaɗa. Mai kifin ta faɗi kuɗi, ya ce ai a bakin kogi muke. Ta ce to ga kogin can, ya shiga ya kamo. Ya zaro kuɗi ya biya.

Bayan Auyo kaɗan mota ta ce ita iyakarta ke nan. Muka hau babura, muka bi ta kan jinga, wato tudun ƙasar da manoma ke ɗagawa don tare ruwa. Faɗinta bai fi tabarma ba, dama ruwa hagu ruwa, mai babur ɗina kuwa hira yake da mai babur ɗin da ke bayanmu yana waiwaye. Na rungume taswira da hannu ɗaya, ɗayan na damƙe rigarsa, bakina yana ta salati. Inda jinga ta ƙare muka shiga kwale-kwale. Mai tuƙin ya nuna mana da baki ya ce ƙarƙashinmu gonar kawunsa ce.

Da muka sauka, kafin gaisuwa ma na ce a biya da ni ta wurin asibitina. Zuwanmu na farko da rani ne. A lokacin wani ƙaton rami muka tarar a tsakiyar gari, busasshe, awaki na kiwo a ciki, ga bola a gefe. Muka tashi ɗan jirgin ɗaukar hoto ya ɗauko mana shi daga sama, muka rubuta a takarda cewa fili ne da ba a amfani da shi. Shawara ta tsaya a cike shi da burji, a huta da sauro, a ɗora asibiti a kai inda kowa zai isa da ƙafa. Har turaku muka kafa masu jan fenti a ka. Yanzu da na je, kududdufi ne cike fal, agwagi na yawo, turakuna sai kawunansu ake gani. Na ɗan ji wani iri. Injiniya ya ce ai mun san za a yi haka, cikawa za a yi. Na yarda, don ina son in yarda.

A zauren Bulama an tarbe mu da fura mai sanyi. Na shimfiɗa taswira, na yi bayani dalla-dalla. Kowa madalla, kowa Allah Ya saka. Na tambaya ko akwai mai gyara, aka ce babu. Na sake tambaya, Bulama ya ce, "Malam, ku ne masana. Duk yadda kuka yi daidai ne." Har na zaro biro, sai ga abokiyar aikinmu ta fito daga cikin gida wajen mata, ta tsaya a bakin zaure ta yi mini alama da ido. Da na fito ta ce in mayar da biron aljihu tukuna. Ta ce matan sun yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe wata tsohuwa ta ce mata a je a ga Baba magini, shi kaɗai ne dattijon da ya ƙi zuwa taron.

Mun same shi a ƙofar gidansa, can gangaren gari, yana gyara bakin indararo. Tsoho ne siriri, tafin hannunsa duk kanta. Muka durƙusa muka gaisa. Bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba, ya ɗauki sandarsa ya ce mu biyo shi.

Lungu-lungu ya bi da mu. A kowane lungu sai ya tsaya ya nuna ƙasa da sanda, ya ce na nan ta nan yake bi. Unguwa uku, duk ruwansu a kududdufin yake taruwa. Sannan ya dafa wata katanga ya ce, "Ɗana, gidajen nan da kake gani duk daga cikin ramin can suka fito." Ashe kowace shekara, kafin ruwan fari, gari ke yin gayya a shiga ramin a haƙo laka. Kowane gida ya ɗebi rabonsa, a yi yaɓe, a ƙara wa dokin ƙofa tsawo, a ɗaga daɓen ɗaki. Rami na ƙara zurfi, gidaje na ƙara tashi. Tun kakanninsa haka ake yi. Mu kuma mun zo wata guda kafin gayyar, muka ga bola da awaki, muka koma ofis muka rubuta abin da muka gani.

Na tambaye shi, in an cike fa? Ya juya ya nuna unguwarsu, wadda ta fi ko'ina gangare. Can ruwan zai nufa.

Raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi, amma sai na huce a kansu. Na ce, "Baba, to me ya sa ba wanda ya faɗa? Sau biyu ina tambaya a zaure."

Ya ce sun zauna sun yi shawara tun ranar da muka kafa turaku. Tsoronsu kada su yi gardama a ce mutanen garin nan sun cika fitina, a ɗauke asibitin a kai wani gari. Mace in naƙuda ta zo mata da damina, sai kwale-kwale, sai babur, sai mota in an samu. Bara matar ɗansa ta haihu a cikin kwale-kwalen da muka shigo, jaririn bai iso gaɓa da rai ba. "Katanga in ta faɗi ni nake tayar da ita," in ji shi. "Shi ya sa muka ce a bar ku ku cike. Ni dai ba zan iya zama a zaure in ce madalla ba, shi ya sa na zauna a gida."

Jama'a, na yi shekaru ina tsayawa gaban manya ina maganar gini mai ɗorewa. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Mutane sun yarda ruwa ya ci ɗakunansu don kada su ɓata mini zane.

Muna tsaye hadari ya haɗo, bayan azahar aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a wata rumfa, amma injiniya ya naɗe ƙafar wando ya shiga ciki, yana bin lungunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana tsoma sanda yana dubawa. Duk inda Baba ya nuna, ta nan ruwan ya bi, bai kuskure ko lungu ɗaya ba. Ya dawo jiƙe sharkaf ya ce mini lissafinsa na ofis bai san da lungu biyu daga ciki ba, don a hoto rufin rumfuna ya ɓoye su. Na buɗe taswirar a kan benci na ce Baba ya nuna mana a nan. Ya duba hannunsa, duk laka, ya janye shi. Na ce ya taɓa kawai. Ya sa yatsa ya ja layi uku, duk suka haɗu a kan ɗakin haihuwar da na zana.

Daga nan na ƙudurta ba mai sa hannu a wannan takarda. Na kira shugabanmu a Kano, sai da na hau kan wani tudu kafin waya ta shiga. Ya ce in tuna Litinin, in tuna wata nawa aka yi ana wannan aiki, in tuna masu ba da aiki ba sa son jin an koma baya. Duk gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, in an miƙa wannan, a cire sunana a kai." Ya ce in zo masa da wani wurin, ba da surutu ba.

Muka bazama neman wuri, ruwa na yayyafi. Mai tsara tituna, wanda farar shaddarsa ta riga ta zama ruwan ƙasa, shi ya gano wani tudu a gabashin gari, kusa da hanyar da babura ke shigowa. Ƙasa mai tauri, ko digon ruwa bai kwanta ba. Muka tambayi mai shi. Aka ce masussukar gidan su Baba ce, inda suke bugun shinkafa tun iyaye. Na kasa kallonsa. Shi kuwa ya taka wurin daga wannan gefe zuwa wancan yana ƙirga taku, ya dawo ya ce tsawonsa zai yi wa zanena kaɗan, sai dai in raba ginin biyu in bar tsakar gida a tsakani, mata ma sun fi son haka. Shinkafa kuma, in ji shi, ko a ina aka shimfiɗa tabarma za ta bugu. Ya ce zai gaya wa ƙannensa da kansa.

Mun kwana a Haɗeja, tuwon shinkafa da miyar kifi, ban ma san na cinye ba. Da safe muka sake hawa jinga muka koma zauren Bulama. Wannan karon ban shimfiɗa komai ba. Na ce mun yi kuskure, kuma kuskuren namu ne. Wani dattijo ya tambaya a hankali ko ke nan asibitin ya tafi. Na ce ba ni ke da kuɗin ginin ba, ba zan yi alkawarin abin da ba nawa ba. Abin da ke hannuna shi ne zane, kuma ba zan zana wanda ya cike kududdufi ba, ba zan zana wanda babu asibiti ba. Bulama ya ce Allah Ya ba da sa'a. Ba a yi madalla da yawa kamar jiya ba, amma wannan ta fi shiga raina.

Mun iso Kano bayan la'asar, da bandar kifi a bayan mota da takalma a leda. Ranar Litinin na shiga taron miƙa aikin da takardar nan yadda take, da layukan laka uku sun bushe a kanta. Wani daga cikin masu ba da aikin ya tambaya wa ya ɓata taswira haka. Abokiyar aikinmu ta riga ni, ta ce wanda ya fi mu sanin garin ne. An yi awa biyu ana ja, injiniya ya tsaya tsayin daka, shugabanmu ma da ya ga inda maganar ta dosa ya mara mana baya. Aka ba mu mako uku. A sabon zanen kududdufin yana nan da shuɗin launi, da matakala ta ɓangaren da ake shiga haƙar laka, da ɗan shinge saboda yara. Asibiti yana kan tudu, gini biyu da tsakar gida.

Abin da na koyo a wannan tafiya ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Ba na ƙara rubuta wa wani wuri "ba a amfani da shi" sai na gan shi da rani na gan shi da damina. In kuma na tambayi mutane suka yi saurin cewa madalla, zan tsaya in nemi wanda bai zo taron ba.

Shekaranjiya Bulama ya kira ni, ya ce ga Baba yana da saƙo. Ruwa ya fara ja, turakuna masu jan kai sun fito fili, Baba yana tambaya ko ya sa a cire. Na ce a gaya masa ya bar su. Ni na kafa su, ranar Asabar ina tafe in tuge su da hannuna.